Shagon irin ciyayin daji da na sayi burom a wajensu, ga abin da na gani

Jama'a bari in fara da hukuncina kada in ja ku da nisa, shagon nan mai kyau ne, irin da suke sayarwa na gaskiya ne, abin da aka rubuta a jikin fakiti shi ne ya fito a ƙasa, kuma in Allah ya kai mu kaka mai zuwa zan sake saye a wajensu. Akwai dai wasu abubuwa da ban ji daɗinsu ba, zan zo kansu, amma ba su kai su sa in ce ma wani kar ya je ba.

Ƙaramin shago ne a wani ƙauye nan gabashin Ingila, wata dattijuwa ce da ɗanta suke riƙe da shi, ba sa sayar da komai sai irin furanni da ciyayin daji na ƙasar. Kana iya zuwa da ƙafarka, kana iya yin oda ta intanet su aiko maka ta gidan waya. Ni duka biyun na yi, na fara zuwa na gani da idona, daga baya na yi oda. Abin da na saya shi ne irin wata ciyawa da ake kira burom mai laushi, sunanta na kimiyya Bromus hordeaceus, masanin tsirrai Linnaeus ne ya sa mata sunan tun 1753, in ka duba tsofaffin littattafai kuma za ka ga an rubuta Bromus mollis, duk ita ce. Ciyawa ce mai shekara ɗaya, ta fito ta yi iri ta mutu, shi kenan, sai ƴaƴanta su ɗora.

Na san wani zai ce ciyawa kuma ake saye da kuɗi? Toh ga dalilina. Ina da ɗan filin lambu na haya irin wanda hukumar gari ke ba mutane, kuma bayan shingenmu gonakin alkama ne da sha'ir iya ganinka. Duk shekara wata ciyawa na fitowa a gefen shingen, maƙwabtana kowa da sunan da yake ba ta, wannan ya ce burom ce a tuge ta, wancan ya ce a bar ta ba ta da illa, kuma wallahi dukkansu suna iya yin gaskiya don burom ɗin ba guda ɗaya ba ce, a duniya nau'inta ya haura 150, a nan Ingila ma manoma suna fama da kusan biyar a gonakin hatsi. Ni kuma na karanci aikin gona, na san ba a gane ciyawa da hoto kaɗai, sai ka rene ta tun tana tsiro ka ga yadda take canzawa wata bayan wata. Shi ne na ce bari in sami iri wanda aka tabbatar da sunansa in shuka a tukunya, ya zama shi ne ma'aunina. In irin ya zo a gauraye ko da sunan ƙarya ka ga an ɓata min shekara guda kenan. Don haka abin da na fi sa ido a kai wajen shagon nan shi ne gaskiyar suna, ba araha ba.

Kuma a nan suka burge ni. Da na ce ma dattijuwar burom nake so ba ta miƙo min fakiti kawai ta karɓi kuɗi ba, sai da ta tambaye ni ina zan shuka, a ƙasa ko a tukunya, akwai gonar hatsi kusa ko babu. Da na ce akwai, ta ce lallai in tsaya a tukunya kuma in yanke kawunan kafin su fara zuba. Na tambaye ta ɗaya burom ɗin mai dogon tsinke, wadda ake kira Bromus sterilis, wasu littattafan kuma Anisantha sterilis, ta ce ita ba ta sayar da wannan kwata-kwata, don ba za ta ɗauki alhakin manoman da ke kewaye da ita ba, in ina so in gani in duba gindin kowane shinge zan samu kyauta. Gaskiya wannan maganar ta kwanta min a rai sosai, mai shago ya ƙi cinikin da ya zo masa har gida saboda maƙwabci, ba ko'ina ake samun haka ba.

Fakitin takarda ne ɗan ƙarami, kuɗinsa bai kai fam biyar ba har da na aikowa, irin cikin kuma ya ishi tukwane da yawa har ka ba wani. Na zazzage shi a kan farar takarda na duba da gilashin ƙara girma, irin na hannu ɗin nan mai ninkawa sau 10. Tsab yake, ƙaiƙayi kaɗan, ban ga baƙon iri ko ɗaya ba. Akwai kuma wani gwaji da masu ba manoma shawara a nan suke koyarwa, ka ɗauki ƙwaya busasshiya ka yanka ta a tsakiya da reza ka dubi bakin yankan. In burom mai laushi ce za ka ga yankan a shimfiɗe yake da ɗan lanƙwasa kaɗan, in kuwa burom ta hatsin rai ce, wato Bromus secalinus, ƙwayar a naɗe take, yankan zai ba ka siffar V ko U mai zurfi. Na yanka da dama, duk a shimfiɗe suke. Tun daga nan hankalina ya kwanta.

Shukar ba wuya. A watan Satumba na yi, na cika tukwane da ƙasar lambu wadda ba ta da ƙarfi sosai na gauraya da yashi, ban sa taki ba ko kaɗan don ciyawar nan in ta ƙoshi sai ta yi ganye ta yi tsawo ta kwanta, kai kuma kan kake so ka gani a tsaye. Na yayyafa irin na rufe shi da ƙasa sama-sama, na ba shi ruwa na ajiye inda rana ke samu. Kafin sati biyu ya fito, kuma ya fito da yawa har sai da na rage. Daga nan sai ta zauna ƴar dunƙule a ƙasa duk tsawon hunturu, sanyi da ƙanƙara ba sa mata komai, ba ta girma sosai amma ba ta mutuwa, sai wajen Afrilu ka ga ta zabura, Mayu zuwa Yuni kai ya fito, zuwa Yuli ta bushe ta zama ruwan ƙasa-ƙasa. Tawa ta kai min wajen gwiwa, wasu sun ɗan fi, a ƙasa mai kyau tana iya kai santimita 80.

Yanzu ga wajen da na fi so in daɗe, yadda ake gane ta, don shi ne amfanin kuɗin da na kashe.

Abu na farko taɓawa. Ka sa yatsa biyu ka shafa gindin karan, wajen da ganye ya naɗe kara kamar riga, za ka ji gashi mai laushi luf-luf, in rana ta bugo ta gefe ma kana ganinsa fari-fari a tsaye. Ganyen shi ma da gashin, launinsa kore ne mai ɗan toka-toka ba kore shar ba. Sai ka duba ita rigar karan da kyau, a yawancin ciyayi rigar a tsage take gefe ɗaya ya hau kan ɗaya, kana iya buɗe ta da farce, amma a dangin burom a haɗe take kamar bututu, sai can sama take da ƴar tsaga, sai ta tsufa take yagewa. Wannan alamar ita ce za ta fara gaya maka kana cikin gidan burom tun kafin kai ya fito, kuma ni sai da na rene ta a tukunya na gane ta da hannu, da can a takarda kawai na san ta. In ka ja ganyen baya kaɗan za ka ga wata ƴar farar fata siririya a mahaɗar ganye da kara, gajera ce, milimita ɗaya zuwa biyu haka, bakinta a ɗan yayyage.

In kai ya fito kuma sai aiki ya yi sauƙi. Kan burom mai laushi a tsaye yake, rassansa gajeru, da farko yana ɗan buɗewa in ya gama fure sai ya tsuke ya dunƙule. Kowane ɗan ƙunshin ƙwayoyi kumburarre ne ta gindi ya tsuke ta sama, tsawonsa wajen santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, shi ma da gashi mai laushi, kuma a bakin kowace ƙwaya akwai siririn tsinke miƙaƙƙe wanda bai wuce santimita ɗaya ba. Sa gilashi ka duba inda tsinken ya fito, ba a kan tsinin yake ba, ɗan ƙasa da tsinin yake fitowa ta baya. Ƙaramin abu ne amma in ka gan shi sau ɗaya ba ka ƙara mantawa.

Da na ɗauki tukunyata na kai gindin shinge na ajiye kusa da waccan ciyawar da ake ta gardama a kanta, ko minti biyu ba a yi ba magana ta ƙare. Ta shingen kanta a sake yake yana reto, rassa dogaye sun sunkuyo ƙasa, kusan kowane reshe ƙunshi ɗaya ne a bakinsa, ƙunshin kuma siriri ne ta gindi yana faɗi ta gaba, tsinkensa dogo santimita biyu zuwa uku, kuma da ta fara nuna sai ta koma jaja-jaja kamar shunayya. In ka shafa tsinken daga sama zuwa ƙasa kaushi gare shi yana kama fata. Wato ita ce dai Bromus sterilis ɗin da dattijuwa ta ƙi sayar min. Akwai ma babbar yayarta da ake kira Anisantha diandra, ita tsinkenta har santimita biyar zuwa shida yake kai wa.

Kada wani ya ɗauka wannan bambancin na ƴan boko ne kawai, a gona kuɗi ne. Shawarar da ake ba manoma a nan ita ce masu dogon tsinken nan, in an gama girbi a yi maza a ɗan motsa ƙasa a rufe irinsu don a duhu suke saurin tsirowa, su fito a kashe su kafin a shuka alkama, in an bar su a fili hasken rana na sa su yi barci su ƙi fitowa sai an yi shuka. Su kuma masu gajeren tsinke irin tawa akasin haka ne, lokacin girbi irinsu bai gama nuna ba, in ka binne shi nan take sai ya kwanta a ƙasa ya jira, don haka ake cewa a bar shi a fili wajen wata guda tukuna. Ka ga in mutum bai gane wacce ke gonarsa ba zai yi aikin da zai ƙara mata ƙarfi ne da hannunsa. Kuma tun da manoma da yawa suka rage yin huɗa mai zurfi da garma suka koma kaftun sama-sama burom ta ƙara yawa, don garma in ta juya ƙasa ta binne irin can ƙasa ba ya iya fitowa, kuma ba iri ne mai daɗewa shekara da shekaru a ƙasa ba.

Toh yanzu abin da ban ji daɗi ba. Ƴar takardar bayanin da suke haɗowa da fakiti ta yi ƙaranci ƙwarai. An rubuta a shuka da kaka ko da bazara, shi kenan, kamar duk ɗaya ne, alhali ba ɗaya ba ne. Na rage iri na shuka a watan Maris don in gwada, ya fito kam, amma bai yi ƙwari ba, gajeru, kawunan ƴan kaɗan kuma a makare, ko kusa bai kama ƙafar na Satumba ba. Ciyawa ce da ta saba ta kwana cikin sanyi kafin ta yi kai, ya kamata su faɗi haka ɓaro-ɓaro. Sannan babu hoto ko zane ko ɗaya, babu shekarar da aka girbe irin a jikin fakiti, wanda ga mai sayen iri wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne duk kyakkyawar shawarar nan da dattijuwa ta ba ni baki da baki, ta yanke kai kafin ya zuba da nisantar gonar hatsi, babu ko layi ɗaya nata a takardar. Wanda ya yi oda daga nesa bai taɓa ganinta ba fa? Zai watsa a lambu ne kawai, shekara mai zuwa ta cika masa ko'ina har da na maƙwabta. Na rubuta musu imel a kan haka, amsar ta daɗe kafin ta zo, da ta zo dai ɗan nata ya amsa cikin mutunci ya ce za su duba in za su sake bugawa. Ina fata su yi.

Da ma su ƙara da gargaɗi ga masu karnuka da kyanwa, don mutanen nan akwai son dabbobi. Busasshen tsinken ciyayi irin waɗannan, musamman masu dogon, yadda ƙarangiya ke kama bakin wando haka yake kama gashin dabba, sai dai shi gaba kawai yake tafiya ba ya dawowa baya, yana shiga kunne ko tsakanin yatsun ƙafa har sai an kai ga likitan dabbobi. Na burom mai laushi bai kai haka muni ba amma faɗin ba zai rage su da komai ba.

Aikowa kam ba laifi, cikin satin da na yi oda ya iso, a ambulan mai kauri, bai jiƙe ba bai murƙushe ba.

Akwai wata hira da muka yi a shagon da nake so in kawo, don ita ce ta sa na gane matar nan ta san abin da take sayarwa. Na tambaye ta ko tana da wata burom da ake kira Bromus interruptus, ta yi murmushi ta ce wannan ai ba ta kanti ba ce. Ciyawa ce da babu ita ko'ina a duniya sai Ingila, an fara tsintarta a 1849, kuma a gonakin wata harawar dawaki mai suna sainfoin ta fi fitowa. Da motoci suka karɓi aikin dawaki aka rage noman harawar, injinan tace iri kuma suka ƙara kyau, sai ta yi ta raguwa har aka yi mata ganin ƙarshe a daji a 1972 a yankin Cambridgeshire. Kowa ya ɗauka ta tafi kenan. Ashe wani masanin tsirrai na Jami'ar Edinburgh, Philip Smith, yana da irinta yana ta shukawa a tukwane shekara bayan shekara, sai a 1979 ya fito da ita a wani taron masana tsirrai mutane suka gan ta da ranta. Daga wannan irin nasa aka yawaita ta, a 2004 aka mayar da ita daji a gandun Aston Rowant. Ni wannan labarin yana taɓa ni har zuciya, mutum ɗaya da ƴan tukwanensa ya hana wata halittar Allah ɓacewa daga doron ƙasa. Kuma abin da ya bambanta ta da tawa ɗan kaɗan ne, ƙunshin ƙwayoyinta a cure suke gungu-gungu da tazara a tsakani, sannan ɓawon ciki na ƙwayar a tsage yake har gindi. Wanda bai iya duba ba zai wuce ta ya ce burom mai laushi ce kawai.

Sai kuma ɗaya gefen, don kada daɗin labari ya ɗebe mu. Ƴar uwarsu Bromus tectorum ta shiga Amurka ta Arewa a ƙarni na 19, yau ta mamaye miliyoyin eka a yammacin ƙasar Amurka, yankin Nevada da Utah da Idaho. Tana riga ciyayin asali fitowa ta shanye damshin ƙasa, ta bushe da wuri ta zama makamashi, gobarar daji ta tashi ta cinye ƙananan itatuwan wajen, bayan wuta kuma ita ce ke fara dawowa. Ita ma tawa mai laushin ta bazu a California da Ostareliya inda da babu ita. Don haka dan Allah ƴan uwa masu sha'awar shuke-shuke, kar wanda ya sa irin nan a jaka ya tsallaka da shi wata ƙasa. Masu tambaya ko za ta yi a gida, ciyawar ƙasar sanyi ce, da sanyi take tsirowa da sanyi take girma, zafin Kano ko Maraɗi ba nata ba ne, kuma ba mu rasa ciyayin kanmu da suka cancanci a zauna a koye su haka ba.

Wanda ke nan Ingila kuma yake tunanin ya je daji ya tugo kawai ya huta da saye, a sani dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta hana tuge tsiron daji da saiwarsa ba da izinin mai fili ba. Fakitin nan ya fi sauƙi, kuma ka san sunan abin da ke hannunka.

Kawunan nawa na yanke su a ƙarshen Yuni suna kore-kore kafin su fara zuba, na ɗaure na rataye a rumfa kai ƙasa suka bushe, wasu uwargida ta sa a kwalba a falo kuma sun yi kyau sosai, tukunya ɗaya kawai na bari ta nuna sosai na sa mata jakar takarda a ka don in tara iri, don gwarare ma suna son shi. Sauran ƙasar tukwanen ban zuba a lambu ba, na bar ta a ciki na ba ta ruwa duk abin da ya fito na cire.

In kai ɗalibin aikin gona ne, ko kana da lambu kusa da gonaki kana so ka san abin da ke fito maka, ko malamin makaranta mai son nuna ma yara yadda ake duba tsiro, shagon nan zai yi maka. In da hali ka je da kanka ka yi magana da dattijuwar, don abin da ke bakinta ya fi abin da ke takardarsu nesa ba kusa ba. In oda za ka yi, yi ta a watan Agusta ka shuka a Satumba, ka nemi gilashin ƙara girma tun kafin irin ya iso don su ba sa sayar da shi.